Gyara Kayanka Ko Sauke Mu Raba? Muhawara Kan Ɓallewar Furotesta da Farfaɗowar Katolika

Duk wanda ya zaga Jos, ko Kaduna, ko Numan da hantsin Lahadi zai ga masu zuwa sujada sun kama hanyoyi daban-daban. Wasu sun nufi cocin Katolika, wasu ECWA, wasu COCIN, wasu na Angilika, wasu na Lutheran. Almasihu ɗaya suke kira, amma kowa da ƙofar da yake shiga. Tushen wannan rarrabuwa yana can nesa da mu, a wani ƙaramin gari na ƙasar Jamus mai suna Wittenberg, shekara 500 da ɗoriya da suka wuce. Duk da nisan, reshensa ya iso gida, har ma a 2017, shekarar da lamarin ya cika ƙarni biyar, ɗan Najeriya ne, Akbishop Musa Panti Filibus, aka zaɓa shugaban haɗaɗɗiyar ƙungiyar cocin Lutheran ta duniya. Don haka muna da dalilin zama mu auna abin da ya faru.

A ƙarshen watan Oktoba na 1517, Martin Luther, ɗan zuhudu kuma malamin Littafi Mai Tsarki a jami'ar Wittenberg, ya rubuta batutuwa 95 ya aika wa Albrecht, babban bishop na Mainz. Abin da ya tunzura shi shi ne cinikin takardar sassauci. A koyarwar cocin, takardar ba ta shafe zunubi. Tana rage hukuncin da ya saura a kan mutum bayan ya tuba an gafarta masa, kuma ana iya nema wa mamaci. Amma yadda masu wa'azi irin su Johann Tetzel suke tallata ta a kasuwanni, talaka ya ɗauka cewa da ya zuba kuɗi a akwati ya fanshi uwarsa ko ubansa daga azaba. Wani kaso na kuɗin yana tafiya Rum don ginin majami'ar Bitrus, wani kason kuma yana biyan bashin da Albrecht ya ci a hannun attajiran gidan Fugger don ya sami kujerarsa.

Cikin shekara huɗu magana ta gagari kundila. Fafaroma Leo na 10 ya aiko da takardar gargaɗi a 1520, Luther ya cinna mata wuta a bainar jama'a. A farkon 1521 aka kore shi daga coci, a watan Afrilu kuma ya tsaya gaban Sarkin Sarakuna Charles na 5 a birnin Worms ya ƙi janye abin da ya rubuta. Sunan Furotesta ya samo asali a 1529, lokacin da wasu sarakuna da birane suka rubuta ƙin amincewa da hukuncin taron Speyer. Cocin Rum bai ba da cikakkiyar amsa ba sai a babban taron Trent, wanda aka buɗe a 1545 aka rufe a 1563. Daga nan cocin ya fito da sabon ƙarfi da sabon tsari.

Tambayar da masana suka daɗe suna ja-in-ja a kanta ita ce: ɓallewar ce ta haifar da gyaran, ko kuwa gyaran yana tafe da ma, ɓallewar ta zo ta jawo asarar da ba ta zama dole ba?

Masu cewa ɓallewar ta zama dole suna fara hujjarsu da tarihin waɗanda suka riga Luther. Jan Hus, malamin birnin Prague, ya soki halin shugabannin coci, aka kira shi taron Constance da alkawarin ba abin da zai same shi, aka ƙone shi a 1415. Savonarola ya yi wa'azin tuba a Florence, aka rataye shi aka ƙone gawarsa a 1498. An yi babban taron gyara a Lateran daga 1512, aka tashi a watan Maris na 1517, wata bakwai kacal kafin Luther ya ɗauki alƙalami, kuma ba wani abin kirki da ya canza. A wannan zamanin ne Alexander na 6 ya hau kujerar Fafaroma yana da 'ya'yan da yake raba wa muƙamai da ƙasashe, Julius na 2 kuma ya sa sulke ya ja runduna zuwa yaƙi. Shi kansa Albrecht yana da shekara ashirin da 'yan kai ya haɗa kujerun Magdeburg da Halberstadt da Mainz a hannunsa. Masu wannan ra'ayi suna cewa an yi ta faɗin "gyara kayanka" fiye da shekara ɗari, mai kaya ya toshe kunne. Shaidarsu mafi ƙarfi ma daga cikin gidan ta fito: a 1523 Fafaroma Adrian na 6 ya aika wakili taron Nuremberg da saƙon amincewa cewa ɓarnar ta faro ne daga fadar Rum ta gangaro zuwa ƙasa. Bai kai ƙarshen shekarar ba ya rasu, aka koma gidan jiya.

Sai batun jinkiri, wanda a ganina shi ne ginshiƙin hujjarsu. Tun a 1518 Luther ya ɗaukaka ƙara zuwa babban taron coci. Shi ma Charles, wanda Katolika ne na gani-kashe-ni, ya yi ta matsa lamba a kira taro. Fafaroma Clement na 7 ya yi ta kakkaucewa, domin fadar Rum ba ta manta cewa taron Constance ya taɓa tuɓe masu da'awar kujerar Fafaroma ba. Ba a zauna a Trent ba sai a watan Disamba na 1545, shekara 28 bayan batutuwan nan 95. Luther ya mutu bayan wata biyu. A lokacin arewacin Jamus, da Denmak, da Suwidin, da Ingila, da manyan biranen Suwizalan duk sun riga sun fice.

Kuma idan mutum ya duba abin da taron ya zartar, zai ga kamar amsa ce ga koke-koken da aka kori Luther a kansu. An wajabta wa bishop ya zauna a yankinsa ya riƙa wa'azi. An hana mutum ɗaya tara kujeru. An umarci kowane yanki ya kafa makarantar horar da limaman coci, domin a da akwai waɗanda ko Latin ɗin da suke karantawa ba sa fahimta. An soke aikin masu yawon tara kuɗi da takardun sassauci, a 1567 kuma Pius na 5 ya hana haɗa sassauci da biyan kuɗi ɗungurungum. Luther ya fitar da littattafan tambaya da amsa don koyar da yara da talakawa a 1529. Na Rum ya fito a 1566. Masu goyon bayan ɓallewa suna tambaya: in ba don wutar da ta kama rufin ba, yaushe mai gida zai tashi ɗebo ruwa?

Suna ƙarawa da abin da talaka ya samu. A ɓoye a ganuwar Wartburg, inda Frederick mai mulkin Saxony ya adana shi, Luther ya fassara Sabon Alkawari zuwa Jamusanci, aka buga a 1522, cikakken Littafi Mai Tsarki kuma a 1534. Injin ɗab'i da Gutenberg ya ƙirƙiro kusan shekara 70 kafin nan ya baza shi gida-gida. A 1524 ya rubuta wa majalisun birane yana roƙon a buɗe makarantu ga yara maza da mata. Wannan aƙida ta cewa kowa ya karanta da harshen uwarsa ita ce ta biyo mishan har ƙasar Hausa, inda aikin Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa ya kai ga cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932. Cocin Katolika kuwa bai saki Latin a babbar sujadarsa ba sai bayan taron Batikan na biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965.

Ɗaya ɓangaren ba su musanta ɓarnar ba, amma suna cewa an ba da labarin rabi da rabi. Masanin tarihi Hubert Jedin ya bambanta abubuwa biyu da ake cakuɗawa: gyaran da ya tsiro daga cikin cocin da kansa, da kuma martanin da cocin ya mayar wa Furotesta. Na farkon ya girmi Luther. A Sifaniya, Kadinal Cisneros ya tsawata wa 'yan zuhudu masu sakaci, ya kafa jami'ar Alcalá, ya sa aka buga Littafi Mai Tsarki da Ibrananci da Girkanci da Latin jere da juna, aikin da aka kammala a 1517. A Genoa an kafa ƙungiyar masu ibada da jinyar marasa lafiya tun 1497. Erasmus, wanda alƙalaminsa ya fi na kowa kaifi wajen sukar malaman coci, ya buga Sabon Alkawari na Girkanci a 1516, kuma da bugunsa Luther ya yi amfani wajen fassara. Ko Littafi Mai Tsarki na Jamusanci ma an buga shi tun 1466, an kuma maimaita fiye da sau goma kafin na Luther ya fito.

Suna kuma nuna mutanen da suka ɗauki nauyin farfaɗowar, suna cewa ba gardama da Jamusawa ce ta tashe su ba. Ignatius na Loyola soja ne da harsashin igwa ya karya masa ƙafa a Pamplona a 1521, ya tuba a kan gadon jinya, burinsa na farko kuma shi ne zuwa Ƙudus. Ƙungiyarsa ta Jesuit, wadda Paul na 3 ya amince da ita a 1540, ta cika Turai da makarantu, ɗaya daga cikin mutanensa na farko, Francis Xavier, ya isa Goa a 1542, ya kai Japan a 1549. Angela Merici ta tara mata a Brescia a 1535, daga ƙungiyarta ta Ursuline aka sami malaman da suka karantar da 'ya'ya mata. Teresa ta Ávila ta buɗe gidan zuhudu na tsantsar talauci da addu'a a 1562. Carlo Borromeo, babban bishop na Milan, ya tsaya cikin jama'arsa lokacin annobar 1576 alhali manya da yawa sun gudu. Duk waɗannan, in ji masu wannan ra'ayi, sun nuna cewa itacen yana da rai, sassabe yake bukata.

Hujjarsu ta biyu ta fi zafi. Suna cewa da zarar an ce kowa alƙalin kansa ne a kan ma'anar nassi, an buɗe ƙofar da ba mai iya rufewa. Ba a yi nisa ba aka gani. A 1529 Luther da Zwingli na Zurich suka zauna a Marburg, suka daidaita a kan batutuwa 14 cikin 15, suka rabu a kan ma'anar Jibin Ubangiji, kuma rabuwar ta ɗore. Waɗanda suka ce baftismar jarirai ba ta da tushe, har Furotesta 'yan uwansu ma sun kashe su: a Zurich aka nutsar da Felix Manz a kogi a 1527. A Jeniba ta John Calvin aka ƙone Michael Servetus a 1553 saboda ra'ayinsa kan Triniti. Wato waɗanda suka nemi 'yancin lamiri a gaban Fafaroma ba su ba na ƙasa da su wannan 'yancin ba. Erasmus ya hango haka, ya yi jayayya da Luther a rubuce a 1524 kan 'yancin zaɓin ɗan Adam, ya zauna a cikin cocin har mutuwarsa.

Sannan ga sarakuna. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Henry na 8 na Ingila ya rubuta littafin sukar Luther a 1521 har Fafaroma ya ba shi laƙabin mai kare addini. Da aka hana shi rabuwa da matarsa Catherine, sai ya naɗa kansa shugaban cocin Ingila a 1534, ya fille kan Thomas More da ya ƙi yarda, ya rushe gidajen zuhudu ya kwashe dukiyarsu. Gustav Vasa na Suwidin ya karɓe kadarorin coci a 1527 don baitulmalinsa ya bushe. Talakawan karkara na Jamus da suka ji ana maganar 'yancin Kirista suka ɗauka har da su, suka tashi a 1524 suna neman sauƙin haraji da aikin tilas. Luther ya rubuta wa sarakuna su murƙushe su ba sassauci, aka karkashe dubun-dubata, wasu ƙididdiga na cewa kusan 100,000. Sulhun Augsburg na 1555 ya tabbatar da inda aka dosa: addinin da sarki ya zaɓa shi ne na talakawansa, wanda bai yarda ba ya tattara komatsansa ya yi hijira. Manomin da aka ce an 'yanto daga Fafaroma ya wayi gari lamirinsa yana hannun hakimin garinsu.

Akwai wata hujjar tasu da ba kasafai ake ambata ba, ni kuwa ina ganin nauyinta. Ɓallewar ta sa Rum ta ƙanƙame. A 1542 aka kafa kotun binciken aƙida ta Rum. A 1559 Paul na 4 ya fitar da jerin haramtattun littattafai, har da rubuce-rubucen Erasmus gaba ɗaya, aka kuma tsananta sharuɗɗan karanta Littafi Mai Tsarki da harsunan gida. Kadinal Morone, ɗaya daga cikin masu sassaucin ra'ayi, ya sha ɗauri bisa zargin karkata ga Furotesta. Masu neman gyara cikin lumana su ne suka fi kowa asara, domin duk wanda ya buɗe baki sai a ce ɗan Luther ne.

To, ina gaskiya ta fi rinjaye?

Zan fara da batun jini, domin kowane ɓangare yana son ɗora wa ɗaya. A nan idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kisan Furotesta da aka fara a Faris daren idin Bartholomew a 1572 ya ci dubban rayuka, Fafaroma Gregory na 13 kuma ya sa aka yi addu'ar godiya aka buga lambar tunawa. A Ingila, Sarauniya Maryamu ta ƙone Furotesta kusan 300, Sarauniya Elizabeth ta kashe limaman Katolika. Yaƙin Shekara Talatin, daga 1618 zuwa 1648, ya mayar da yankuna da yawa na Jamus kufai, amma a cikinsa Faransa ta Katolika, ƙarƙashin jagorancin Kadinal Richelieu, ta mara wa Suwidin ta Furotesta baya don ta karya gidan sarautar Habsburg. Wannan ya ishe mu gane cewa mulki da ƙasa sun yi tasiri a yaƙin kamar yadda aƙida ta yi. Ko rayuwar Furotesta a shekarun farko siyasa ce ta tsare ta: Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya Sulaiman ya ci Hungary a Mohács a 1526, ya yi wa Biyana ƙawanya a 1529, Charles kuwa yana bukatar sojoji da kuɗin sarakunan Jamus, don haka bai iya taɓa su ba sai bayan kusan shekara 20. Ban yarda a ɗora alhakin gawawwakin 1640 a wuyan malamin da ya yi tambaya a 1517 ba. Amma abin da ya rubuta a kan talakawa a 1525, da mummunan rubutunsa a kan Yahudawa a 1543, nasa ne, ba wanda zai sauke masa.

A kan ainihin tambayar kuwa, ina ganin ɓangare na biyu sun yi gaskiya cewa irin gyaran na cikin gida ne. Teresa da Ignatius ba almajiran Wittenberg ba ne, kuma abin da suka gina yana da ɗanɗanonsa na kansa. Sai dai akwai tazara tsakanin samun mutanen kirki a cikin gida da motsa mai riƙe da makullin gidan. Cisneros ya yi nasara a Sifaniya ne domin Sarauniya Isabella tana bayansa. A Rum ba a ga motsi na haƙiƙa ba sai da ƙasashe suka fara sulalewa, sai kuma da sojojin Charles da ba a biya su albashi ba suka wawashe birnin a 1527. Paul na 3 ya kafa kwamitin manyan malamai, ciki har da Kadinal Contarini, suka miƙa masa rahoto a 1537 mai bayyana yadda sayar da muƙamai ya lalata cocin. Ba sabon abu suka gano ba. An san shi tun zamanin kakanninsu. Abin da ya canza shi ne yanzu ƙin gyarawa yana da farashi. Saboda haka na fi karkata ga cewa ba don girgizar Luther ba, da gyaran ya tsaya a gidajen zuhudu da asibitoci, bai hau kujerun bishop-bishop da fadar Fafaroma ba, aƙalla a wannan ƙarnin.

Amma kada masu goyon bayan ɓallewa su yi saurin murna, domin akwai abin da hujjarsu ta tsallake. Luther da kansa ya sha faɗin cewa rigimarsa ta koyarwa ce, ba ta halin limamai kaɗai ba. Abin da ya tsaya a kai shi ne mutum yana samun ceto ta alherin Allah ta wurin bangaskiya kaɗai, kuma Littafi Mai Tsarki ne ma'auni na ƙarshe. A nan Trent bai ja da baya ko taƙi ɗaya ba. Ya tabbatar da nassi tare da al'adar da aka gada daga manzanni, ya tabbatar da sakramenti bakwai, ya ce alheri ne ke farawa amma mutum yana ba da haɗin kai. Ke nan taron ya karɓi kukan Luther a kan ɗabi'a, ya ƙi amsarsa a kan aƙida. Wanda ya ce Trent ya gaskata Luther ya faɗi rabi. Ko da an hana cinikin sassauci tun a 1518, wannan saɓanin na tushe yana nan yana jira.

Shin hakan na nufin rabuwar ba makawa ce? Ban ɗauka ba, kuma dalilina shi ne abin da ya faru a Regensburg a 1541. A can wakilan Katolika, da Contarini a matsayin jakadan Fafaroma, suka zauna da Philip Melanchthon da Martin Bucer na Furotesta, suka cimma matsaya ɗaya a rubuce a kan batun ceto, wato ainihin abin da ake cewa ba ya sulhuntuwa. Luther ya ƙi amincewa da ita daga Wittenberg, Rum ma ta ƙi, tattaunawar kuma ta watse a kan Jibin Ubangiji da ikon coci. A lokacin an yi shekara 20 ana zage-zage, an raba dukiya, an zubar da jini, limamai sun yi aure, sarakuna sun ɗanɗana iko. Zaman da aka yi a 1541, da a 1519 aka yi shi da zuciyar sauraro, maimakon aika wa Luther umarnin ya janye kawai, ina kyautata zaton da tarihi ya bi wata hanya.

Hukuncina shi ne kaso mafi girma na alhakin tsagewar yana kan shugabannin Rum na wancan zamani, domin su ne ke da ikon kiran taro amma ba a zauna ba har shekara 28. Kaso na biyu yana kan sarakunan ɓangarorin biyu da suka mayar da aƙida makamin faɗaɗa mulki. Luther yana da nasa kason, na zafin harshe da rashin haƙuri da duk wanda ya saɓa masa ko da a kalma ɗaya. Koken da ya fara da shi kuwa daidai ne, cocin Katolika da kansa ya tabbatar da haka ran da ya hana cinikin.

Ranar 31 ga Oktoba, 1999, a birnin Augsburg, wakilan cocin Katolika da na haɗaɗɗiyar ƙungiyar Lutheran suka sa hannu a kan sanarwar haɗin gwiwa game da ceto, suka bayyana cewa tsinuwar da aka yi wa juna a ƙarni na 16 ba ta hau kan koyarwar da ke cikin sanarwar ba. Batun da aka daidaita a kansa a Regensburg aka yi watsi da shi ke nan. Tsakanin zaman biyu shekara 458 ne.